Kayan da ke Numfashi: Daga Ƙyauren Katako a Roni zuwa Ɗakin Gwaje-gwaje

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Roni ko Gwiwa ko Babura ko cikin garin Kazaure ya san halin ƙyauren katako. Idan marka ta kankama a watan Agusta sai ya cije, sai an sa kafaɗa kafin ya buɗu. Idan kuwa hunturu ya shigo sai ya saki, har a riƙa hango hasken waje ta tsakanin katakan. Alhali ƙyauren nan yana ƙarƙashin rufi, ruwan sama bai taɓa shi ba. Haka kuma makaɗi ya san fatar ganga kan saki da damina, sai ya shanya ta a rana ko ya kara ta kusa da wuta kafin ta yi zaƙi. Gyartai ma ya san bushewar hunturu ce ke tsaga ƙorai.

Dalilin waɗannan abubuwa guda ɗaya ne, wato tururin ruwa da ke cikin iska. Tururin nan iskar gas ce kamar sauran, ido ba ya ganinta. Tana shiga ƙananan kafofin da ke jikin katako da fata da ƙwarya, ta manne a bangonsu, ta sauya musu girma da siffa. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda hakan ke faruwa, da yadda masana kimiyya suka ƙera wasu kaya da gangan domin su riƙa buɗewa da tsukewa idan iska ta shige su, har ake cewa suna numfashi.

Mece ce mannewar iska?

Kowace iskar gas taron ƙananan ƙwayoyi ce da masana ke kira molekul, kuma kullum a guje suke, suna karo da juna da duk abin da suka tarar. Idan ƙwaya ta faɗa kan fuskar wani abu mai tauri, akwai ɗan ƙarfin jan juna tsakaninsu wanda kan riƙe ta na ɗan lokaci kafin ta sake tashi. Wannan riƙewa ita ce za mu kira mannewa. Ta bambanta da narkewa irin ta gishiri a cikin ruwa, domin a fuskar abu kawai take faruwa, kamar yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a kan tabarma.

Tun da a fuska abin ke faruwa, to abin da ya fi yawan fuska shi zai fi riƙe iska. A nan ne kayan da ke da kafofi suka yi fice. Gawayi misali ne: a ido dunƙule ne baƙi, amma cikinsa cike yake da ramuka da lunguna. Gawayin da aka sarrafa musamman domin tace ruwa da iska, giram ɗaya nasa kan ƙunshi fuskar da ta kai murabba'in mita 1,000. Ke nan giram 7 sun yi daidai da faɗin filin ƙwallon ƙafa. Tun a 1773 Carl Scheele na ƙasar Suwidin ya lura cewa gawayi na kama iska, sannan a tsakanin 1916 da 1918 Irving Langmuir na Amurka ya tsara lissafin yadda ƙwayoyi ke mannewa a fuskar abu.

Kafofin da muke magana a kansu ƙanana ne ƙwarai, da nanomita ake auna su. Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan ɗaya, kowane gida shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai ya kai nanomita 50,000 zuwa 100,000, ita kuwa ƙwayar ruwa faɗinta bai wuce nanomita 0.3 ba. Mai karatu ya riƙe wannan adadi na ƙarshe, domin za mu sake haɗuwa da shi.

Baƙo yana ja, yana kuma turawa

An daɗe ana ɗaukar abu mai kafofi kamar rumbu, a zuba hatsi a kwashe, rumbu yana nan yadda yake. A 1927 wani masani mai suna Meehan ya auna gawayi da kyau, ya ga yana ƙara tsawo idan iskar kabon dayoksaid ta manne masa. Daga 1928 kuma Donald Bangham da abokin aikinsa Fakhoury suka zurfafa wannan bincike a jami'ar Masar da ke Alƙahira, suka nuna cewa akwai dangantaka tsakanin yawan iskar da ta manne da yawan miƙewar gawayi. Miƙewar ba ta da yawa, galibi ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, amma ta tabbatar da cewa rumbun nan yana motsi.

Dalilin shi ne, jan da bango ke yi wa ƙwaya, ita ma tana yi wa bango irinsa. Idan kafa ƙarama ce sosai, ƙwaya ɗaya kan taɓa bangon dama da na hagu lokaci guda, sai ta jawo su kusa da juna, kafar ta tsuke. Idan kuma ƙwayoyi suka yi yawa suna neman wurin zama, sai su tura bangayen, kafar ta buɗe. Saboda haka iska ɗaya na iya tsuke abu, tana kuma iya kumbura shi, gwargwadon yawanta da faɗin kafar.

Ana iya kwatanta lamarin da ciniki. Mannewa riba ce, domin duk ƙwayar da ta manne takan saki ɗan ƙarfi a matsayin zafi. Lanƙwasa ginin abu kuwa kuɗi ne da dole a biya. Abu mai tauri kamar gawayi farashin lanƙwasa shi yana da tsada, don haka motsinsa kaɗan ne. Abu mai taushi farashinsa da sauƙi, da zarar riba ta fi kuɗin sai ya sauya siffa. Wannan ciniki shi ne ginshiƙin duk bayanin da ke tafe.

Katako da laka a ƙasar Kazaure

Yanayin arewa maso yammacin Jihar Jigawa yana sauyawa sosai tsakanin damina da rani. Da ranar hunturu danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuwa yakan haura kashi 80. Katako an gina shi ne da zaruruwan wani sinadari mai suna selulos, waɗanda ke jere bisa tsawon itace. Ƙwayoyin ruwa na kutsawa tsakanin zaruruwan su raba su. A danshin kashi 20, ruwan da katako ke riƙewa kimanin kashi 4 zuwa 5 ne na busasshen nauyinsa. A danshin kashi 80 yakan kai kimanin kashi 16. Tun da ta gefe ake tura zaruruwan, faɗin katako ne ke ƙaruwa, tsawonsa kuwa da ƙyar yake motsawa. Ƙyaure mai faɗin santimita 80 idan ya ƙaru da kashi 2 cikin 100 kawai, ya ƙara santimita 1.6 ke nan, wanda ya isa ya hana shi rufuwa. Shi ya sa gogaggen kafinta ba ya aiki da ɗanyen katakon da aka kawo daga Kudu sai ya sha iskar Arewa, kuma yakan bar ɗan sarari tsakanin ƙyaure da dogarinsa.

Misali na biyu laka ce. A ƙasar Roni mai duwatsu, da sauran ƙasar Kazaure, gonakin tudu galibi masu yashi ne, amma a fadama da gindin tafki akan tarar da laka mai danƙo wadda ke tsattsagewa da rani. Ƙwayoyin laka falle-falle suke kamar shafukan littafi. A farar ƙasa, wadda masana ke kira kawolin, shafukan a ɗaure suke da juna, ruwa ba ya shiga tsakaninsu, don haka ba ta kumbura sosai. Akwai kuma wani nau'in laka mai suna montmorilonait, wanda ya samo sunansa daga wani gari a Faransa. Shafukansa a sake suke, kuma a 1933 Hofmann da Endell da Wilm na Jamus suka nuna da hasken eksire cewa tazarar da ke tsakaninsu tana sauyawa da yawan ruwa.

Abin sha'awa shi ne wannan sauyi mataki-mataki yake zuwa, kuma tururi kaɗai ya isa ya jawo shi. A bushe, daga shafi zuwa shafi kimanin nanomita 1.0 ne. Idan danshi ya ƙaru sai ya tsallaka zuwa kimanin 1.25, daga nan zuwa 1.5, sannan zuwa wajen 1.8. Kowane mataki ya yi kusa da faɗin ƙwayar ruwa da muka ambata a baya. Wato sahu ɗaya na ƙwayoyin ruwa ne ke shiga, sannan na biyu, sannan na uku, kuma shafukan ba sa buɗewa sai ribar shigar sabon sahu ta biya kuɗin raba su. Idan ruwan damina ya sauka kumburin yakan fi haka nesa. Irin wannan laka ce ta yi yawa a baƙar ƙasar firgi ta yankin Tafkin Chadi a Borno, inda take ɗaga harsashin gini da kwalta da damina, ta sake su da rani, har bango ya tsage. Danginta ne kuma bentonait da masu haƙar rijiyar burtsatse ke damawa a ruwa. Maginin tukwane da ke gauraya yumɓu da yashi, da maginin da ke cuɗa ƙasa da ramno, duk maganin tsagewar bushewa suke yi tun kafin a san sunan waɗannan sinadarai.

Ragar da aka ƙera da gangan

Katako da laka haka aka tarar da su, kafofinsu ba mutum ne ya tsara ba. Daga ƙarshen ƙarni na 20 masana suka fara gina kaya masu kafofi bisa tsarin da suka zana. Sukan ɗauki ƙwayoyin zarra na ƙarfe, kamar tagulla ko tutiya ko alminiyom, su zama mahaɗai, sannan su haɗa su da wasu dogayen ƙwayoyi na kabon waɗanda ke zama sanduna. Sakamakon shi ne raga mai tsari, kamar katakan da magina ke kafawa a jikin bene, cikinta duk sarari. A taƙaice ana kiran irin wannan raga MOF. A ido gari ne kawai kamar gishiri.

Richard Robson na Jami'ar Melbon a Ostireliya shi ya fara nuna hanyar a 1989. A 1997 Susumu Kitagawa na Japan ya nuna cewa iskar gas na iya shiga irin wannan raga ta fita ba tare da ta rushe ba, kuma a 1998 ya yi hasashen za a iya yin masu taushi, waɗanda za su riƙa sauya siffa. A 1999 Omar Yaghi, haifaffen birnin Amman na Jodan da ke aiki a Amurka, ya ƙera MOF-5 mai ƙarko da yalwar fuska. Waɗannan mutum uku su aka ba Kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2025. Zuwa lokacin an ƙera dubban irin waɗannan raga, amma masu taushin cikinsu kaɗan ne.

Mafi shahara a cikin masu taushi ita ce MIL-53, wadda marigayi Gérard Férey da abokan aikinsa suka bayyana a 2002 a Basai, kusa da birnin Faris. Ɗalibi na iya kwaikwayon siffarta da kara huɗu masu tsawo ɗaya: a haɗa bakunansu da ƙaya ko ƙusa su zama murabba'i. Idan aka danna kusurwa biyu masu fuskantar juna, sai siffar ta kwanta, sararin ciki ya ragu, alhali ba karan da ya karye ko ya lanƙwashe. Mahaɗan ne kawai suka juya. Haka MIL-53 take, kuma bambancin girmanta a buɗe da a tsuke ya kai kimanin kashi 40 cikin 100. A kwatanta wannan da na gawayi da bai kai kashi 1 ba.

Yadda nau'inta mai ƙarfen kuromiyom ke yi da iskar kabon dayoksaid a zafin ɗaki ya nuna cinikin nan a fili. Idan babu komai cikinta a buɗe take. Da iska kaɗan ta shiga, sai ƙwayoyin su jawo bangayen, ragar ta tsuke, domin a matsattsiyar kafa kowace ƙwaya tana taɓa ɓangarori biyu, ribarta ta fi yawa. Daga nan ko an ƙara matsi ba ta karɓar iska sosai, domin wuri ya cika. Amma idan matsin ya kai kimanin ninki 5 zuwa 6 na matsin iskar da ke kewaye da mu, sai ta buɗe gaba ɗaya, ta karɓi iska mai yawa. Idan aka zana yawan iskar da ta shiga bisa ƙaruwar matsi, zanen kan fito kamar matakalar bene, kuma hasken eksire ya tabbatar da cewa kowane mataki sauyin siffa ne. Iskar miten, wadda ita ce mafi yawa a gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, jan da take yi wa bango bai kai haka ƙarfi ba, don haka a zafin ɗaki ba ta tsuke wannan raga.

Akwai wani salon kuma da ake kira buɗe ƙofa. Wata raga ta tagulla mai suna ELM-11, wadda masana a Japan suka yi nazari tun 2001, falle-falle take kamar lakar da muka gani. A rufe take, kusan ba ta karɓar komai, har sai matsin iska ya kai wani mizani, sannan shafukan su rabu lokaci guda. Kowace iska da nata mizanin, wanda ke ba da damar a zaɓi wata a bar wata. Abin lura kuma, matsin da ke buɗe ragar ya fi wanda take rufewa a kansa, wato hanyar zuwa daban, ta dawowa daban. Katako ma haka yake: a danshi iri ɗaya, wanda ke bushewa ya fi wanda ke jiƙa riƙe ruwa.

Mafi ban mamaki shi ne abin da Stefan Kaskel da abokan aikinsa suka ruwaito a 2016 daga Diresdin ta Jamus. Ragarsu mai suna DUT-49 tana cikin karɓar iska, da matsi ya kai wani mataki sai ta tsuke zuwa kusan rabin girmanta, ta fesar da wani kaso na iskar da ta riga ta karɓa. An ga haka da miten a tsananin sanyi, da kuma butan, ɗaya daga cikin iskokin gas ɗin girki, a zafin ɗaki.

Amfaninsa gare mu

Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, gwamnati ta ƙarfafa mayar da motoci masu amfani da matsattsen gas, wato CNG. Ana ɗura shi ne da matsin da ya kai kimanin ninki 200, saboda haka tukunyarsa mai kauri ce da nauyi da tsada. Idan aka cika tukunya da abu mai kafofi, ana iya ajiye gas mai yawa da matsin ninki 35 zuwa 65 kawai. Sai dai abu mai tauri yana da aibi: yakan riƙe wani kaso na gas ɗin a lokacin da matsi ya sauka ƙasa da abin da inji ke bukata, wato wajen ninki 5, kamar mai ajiyar da ba ya mayar da amana duka.

A 2015 Jeffrey Long da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili suka nuna wata raga mai taushi ta ƙarfen kobal wadda ke buɗewa idan matsin miten ya kai kimanin ninki 16, ta kuma rufe idan ya yi ƙasa, ta matso kusan duk gas ɗin waje. Bugu da ƙari, buɗewar ragar tana cinye wani kaso na zafin da mannewa ke fitarwa, don haka tukunya ba ta yin zafi sosai a lokacin ɗuri. Irin wannan hali na zaɓen iska yana kuma da amfani wajen raba kabon dayoksaid daga miten, aikin da ake bukata a matatar gas da kuma gas ɗin da ake samu daga kashin shanu.

Duk da haka akwai sauran aiki kafin waɗannan kaya su shigo tashar mota. Da yawansu suna da tsadar haɗawa, wasu danshi na lalata su. Garin da ke kumbura da tsukewa sau dubbai yakan farfashe, kuma dole a bar masa sarari a cikin tukunya, daidai da yadda kafinta ke bar wa ƙyaure. A gida Nijeriya, masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun sha sarrafa farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina zuwa ziyolait, wani abu mai kafofi amma mai tauri da ake amfani da shi a matatun mai. Wannan ya nuna cewa ilimin kafofi yana da tushe a jami'o'inmu, kuma ƙasarmu na da kayan aikinsa.

Gwaji domin aji

Malami na iya nuna wannan darasi ba tare da kayan tsada ba. A samu guntun katako mai faɗi wanda ba a shafa wa fenti ba, a ajiye shi a cikin aji inda ruwa ba ya taɓa shi. Sau ɗaya a wata ɗalibai su auna faɗinsa da tsawonsa a wuraren da aka yi wa alama, su kuma auna nauyinsa, daga Agusta har zuwa Maris. Za su ga nauyi da faɗi suna raguwa tare, tsawo kuwa yana nan kusan yadda yake. Gwaji na biyu, a kwaɓa lakar fadama da ƙasar tudu daban-daban, a yi musu falle mai tsawon santimita 10, a shanya a inuwa, a auna wadda ta fi tsukewa. Na uku shi ne kara huɗu da muka ambata: a kwantar da su bisa takarda mai layukan murabba'i, a ƙirga gidajen da ke ciki a buɗe da kuma a tsuke.

Kammalawa

Mun ga cewa abu mai kafofi yana amsa iskar da ta shige shi. Ƙwayoyin da suka manne suna jan bango ko su tura shi, kuma siffa tana sauyawa idan ribar mannewa ta fi kuɗin lanƙwasawa. A gawayi motsin bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a katako kashi kaɗan ne, a montmorilonait mataki-mataki ne, a MIL-53 kuwa ya kai kashi 40. Doka ɗaya ce ke tafiyar da su duka. Ɗalibin da ya fahimce ta zai gane dalilin tsagewar bangon da aka gina bisa lakar fadama, kuma idan ya wuce zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure ko wata jami'a, zai tarar da fagen bincike da har yanzu ke neman masu aiki.